Harawar Rufin Baba Na'Allah

"Riƙe tsanin da kyau, Zaidu, kak ka kashe ni kwanana bai ƙare ba."

Ina riƙe da shi da hannu biyu. Baba Na'Allah, maƙwabcina, yana can sama, da shekarunsa saba'in da ƴan kai, yana jefo harawa dami dami daga rufin ɗakinsa zuwa tsakar gidana, ta kan katangar da ta raba mu.

Na ce, "Baba, ya isa haka. Ni fa ban roƙa ba."

"Wa yac ce ka roƙa? Kauce, ga wani nan tahe."

Dami goma sha biyu ya jefo. Da ya sauko sai na ɗaga kai, na ga kwanon rufin ya fito fili ta yamma, yana ƙyalli, daidai kan ɗakin da yake kwana.

Ni mai gyaran rediyo da fanka ne a ƙofar gidana, nan Filinge. Ba wanda ya koya mini. Da kwancewa da ɓatawa na iya. Don haka na san fanka ba ta yin sanyi. Iskar da ta tarar a ɗaki ita take juyawa. Baba Na'Allah ya riga ni sanin haka, shi da bai taɓa riƙe sukurdireba ba.

Da can a ɗakin ƙasa yake kwana, mai kaurin bango. Shekara uku da suka wuce ɗansa Faruk, mai aiki a Yamai, ya ga ɗakin yana yoyo da damina. Ya rushe shi, ya gina ɗaki biyu na siminti da rufin kwano, na yamma na tsohon, na gabas na ƴarsa Hawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ya jawo kuran, wato wutar lantarki, ya rataya fanka. Bazarar farko ɗakin ya zama tanderu, fanka ta yi wata guda ba ta huta ba. Da takardar kuran ta zo, ni aka kira na karanta. Baba ya saurara, ya dubi fankar, ya ce, "Ashe iska ma na saye ne? Kuma mai zahi?" Faruk ne yake biya, amma tsohon bai yarda a ɗora wa yaro wannan ba. Daga ranar, sai bayan azahar yake kunna ta, na ɗan lokaci.

Sai ya nemi nasa sanyin. Kowa a nan ƙasarmu ta Kurfai yana ɗora harawa kan rufi bayan kaka don tsoron awaki. Shi don inuwa yake ɗorawa. Yakan shimfiɗa karan hatsi tukuna, sannan ya jera harawar gonar wakensa a kai, ba ya barin ko tafin hannu na kwano ga rana. Taga kuma ya rataya mata buhun algarara, Hawa tana jiƙa shi sau uku a wuni. Ƙofa a rufe daga hantsi har la'asar, a yayyafa wa ƙasa ruwa. In ka shiga ɗakin da tsakar rana sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Tumakinsa biyu daga gefen gabas yake ciro musu, kaɗan kaɗan, yana lissafin ya kai su ruwan farko ba tare da ya tone kan kowa ba.

Bana bazara ta yi tsanani, abincin dabba ya ƙare da wuri. Tunkiyar matata Basiratu ta haifi tagwaye, nono ya ƙafe, na same ta tana tauna kwalin batir. Ranar Laraba bayan sallar la'asar muna zaune kan dakalin masallaci, mu wajen takwas, sai na ce, "Duk Filinge babu mai arzikin Baba Na'Allah bana. Tunkiyata kwali take ci, shi kuwa yana kwana ƙarƙashin harawa."

Aka yi dariya. Mamman mahauci ya ce, "Kawo ta in raba ta da wahala, kwalin ma ya huta." Aka ƙara dariya. Baba Na'Allah bai yi ba. Ya ja carbinsa, ya tashi.

A wurinmu, in ka faɗi rashinka gaban mai abu, cikin mutane, ka gama roƙo. Ba sai ka miƙa hannu ba. Na san haka tun ina yaro. Abin da har yau ban gano ba shi ne ko na tuna da shi a lokacin da bakina yake magana. Wata rana in ce wasa na yi. Wata rana in ce na san inda na jefa.

Washegari da hantsi ya kira ni riƙon tsani. Bai taɓa na kan ɗakin Hawa ba.

Ranar Juma'a Hawa ta leƙo ta kan katanga, ta kira ni da sunan ƴata yadda ta saba. Ta ce, "Baban Sakina, ɗakin Baba fa bai shiguwa. Jiya na jiƙa buhu sau shidda. Na ce shi koma nawa, ya ce shi ba ya kwana ɗakin ɗiya tai."

Na je na same shi zaune bakin ƙofa, ya tuɓe riga, ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a ka.

"Baba, bari in maido rabi. Shidda sun ishe ni."

"In ba tunkiya abinci in amshe? Mi za ta ce da ni?"

"To a ja na gabas a rufe nan."

"Hawa na da ciwon kai. Bar mata abinta." Ya dube ni. "Tagwayen na tsotso?"

"Sun fara."

"To, madalla. Tai ka yi aikinka."

Na ce ranar kasuwa zan sayo zana biyu in shimfiɗa masa a wurin. Ya ce Allah shi kai mu. Kwana biyu ne tsakani. Na ɗauko kayana na kwance fankarsa, na wanke, na sa mata mai, har ta daina ƙara. Yana kallona, ya ce, "Ka gyara ta ƙwarai. Saura kuran ɗin." Tun safe aka ɗauke wuta, kuma a makon nan ba ta cika dawowa ba sai rana ta faɗi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Rumfar da nake aiki a ƙofar gida zana uku ne a kanta. Ciro biyu in ɗora masa ba zai kai rabin awa ba. Na tsaya na dube su da na fito daga gidansa. Na ce kayan mutane za su narke a rana. Gaskiya ne, za su iya narkewa. Gaskiya ne kuma ni nake zama a ƙarƙashinta.

Ranar kasuwa na fita da wuri. Mai zana bai iso ba sai da rana ta take, ya ce jakinsa ne ya ƙi tafiya. Na zaɓi biyu masu kauri, na yi azahar a can, na sami amalanke ya ɗauko mu. Da muka karyo kwanar unguwa na hango Hawa tsaye a ƙofar gida ba takalmi. Ba kuka take ba.

Ta ce, "Baban Sakina, zo ka duba min Baba. Na kira shi salla bai amsa ba."

Zafin ɗakin ya tare ni tun daga ƙofa. Yana kwance kan tabarma ta gefen dama, butarsa cike a kusa da kai. Buhun taga ya bushe ya sandare. Igiyar fanka a jaye take, ya kunna yana jiran wuta. Na taɓa wuyansa, na kira shi sau biyu, sannan na rufe masa ido.

Ma'aikacin asibiti da aka kira ya ce zuciya ce, ga hawan jini, ga zafi. Ya ce ba shi ne tsoho na farko ba a makon. Na tambaye shi, da ɗakin ya fi haka sanyi fa? Ya ce, "Malam, wannan sai Allah." Muka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Faruk ya iso daga Yamai dab da magariba, ya tarar an dawo. Bayan an yi masa gaisuwa ya shiga ɗakin. Wuta ta dawo, fankar tana juyawa ita kaɗai, ba ƙara. Ya tsaya ƙarƙashinta ya ce, "Sau nawa na ce shi bar ta a kunne, ni ka biya? Da ma ɗakin ƙasan na bar mai." Ya fito yana share fuska, ya ɗaga kai sama. "Hawa, mi ya sa rufin ga yake tsirara ta nan?"

Hawa ta ce, "Baba ne ya ba da." Ba ta dube ni ba.

Na ce, "Ni ya ba. Tunkiyata ce ba ta da abinci." Na so in ƙara maganar dakali, da ta rumfa. Na buɗe baki.

Faruk ya kama hannuna ya ce, "Halinai ne. Allah shi sa shi tarar da ladan." Aka ce amin. Wani ya kira salla, kowa ya nemi buta.

Da safe zana biyun nan suna jingine a zaurensu inda mai amalanke ya ajiye. Na tambayi Hawa ko in kai su kan ɗakinta. Ta ce a'a, in sa su inda aka saye su dominsa, mata masu zaman makoki a ɗakin za su zauna. Faruk ya riƙe mini tsani. Kwanon ya riga ya fara zafi, na shimfiɗa su, na danne kusurwoyi da duwatsu.

Daga can sama ana ganin gidajen biyu. A nasu Hawa tana tsoma buhu cikin bokiti, tana matsewa. A nawa tunkiyar ta sa kai cikin dami na huɗu, tagwayen sun durƙusa a ƙarƙashinta suna kaɗa wutsiya.