Shafin da Ya Rage na Malam Salifu

Isufu mutum ne mai son sabon abu, kowa a layin masu atamfa na Kasuwar Assihar ta garin Tamanrasset ya san da haka. In ka gan shi tsaye gaban rumfar Yunus, hannu a baya, kai a sunkuye, to ka tabbata wani abu zai bi shi gida, kuma matarsa Salima za ta yi magana. Yunus kayan wuta na hannu yake sayarwa, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai cikin kwalaye, su sauka Aljer, su sha doguwar tafiya a bayan manyan motoci har Tamanrasset. Akwai wayoyi, akwai injin aski, akwai kuma abubuwan da shi kansa mai rumfar bai san amfaninsu ba.

A nan Isufu ya ga na'urar. Siririya ce, baƙa, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, fuskarta kuma ba ta ƙyalli irin na waya, fari-fari take kamar takarda. Yunus ya ce ta karanta littattafai ce, tana haɗiye littafi dubu ba ta ƙara nauyi ba, caji ɗaya kuma ya kai ta wata guda. Cikas ɗinta ɗaya ne. Yaren da ke ciki ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba, ba Ingilishi ba. Haruffan boko ne dai, amma wasu da ɗigo a ka, wasu an soke su da layi. A sama akwai wani suna da Yunus ya ce ya yi kama da na mace, ga kuma littattafanta jere, kowanne da hoton bangonsa. Isufu ya tambayi yadda aka yi abin ya bar hannunta. Yunus ya ce ai Turawa haka suke, sabo na fitowa su yar da tsoho. Ya faɗi haka ne yana kallon wani wurin daban.

Ba don littattafan baturiya Isufu ya saye ta ba. Mahaifinsa, Malam Salifu na Tasawa, ya rasu ya bar gafaka guda, cikinta doguwar waƙa ce ta ajami da ya yi ta tsarawa tun yana saurayi har tsufansa, da hannunsa, da tawadarsa. Babu kwafinta ko'ina a duniya. Tun da ciwon yana ya rufe idon mahaifiyarsa Inna Mairama, Isufu ya ɗauko ta daga Tasawa ya zaunar da ita wurinsa a unguwar Sersouf, da gafakar a ƙugunta ta zo. Kullum bayan la'asar zai bar wa maƙwabci shago, ya dawo gida ya zauna gefen tabarmarta ya rera mata 'yan baitoci. Ita ba ta yi karatu ba, ba ta kuma haddace waƙar ba, amma ta san muryarta, ta san inda mijinta yake jan numfashi. Wannan zaman shi ne abincinta na gaskiya, tuwo biye yake.

Sai dai takardun sun tsufa, busasshiyar iskar garin kuma ta ƙarasa su. Ka ɗaga shafi a hankali, gefensa ya ɓalle ya zube. Wata safiya Salima tana shara ta tsinci wani guntu cikin bola, da sunan Allah a kansa ɓaro-ɓaro. Ta kawo masa. Ranar bai iya karyawa ba.

Shi ya sa da ya samu na'urar ya ga kamar an jefo masa ita daga sama. Ya kwashi gafakar ya kai shagon wani Balarabe mai kwafin takardu, aka ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, aka zuba su cikin na'urar ta waya. Da aka gama ya leƙa kwamfutar mutumin, sai ya ga rubutun mahaifinsa zube tsakanin waƙoƙin raye-raye da hotunan matan da ba su san mayafi ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce a goge yanzu-yanzu, a gabansa. Mai shagon ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, Isufu ya tsaya a kansa har ya goge, ya kuma goge wurin da abin da aka goge yake taruwa. Ya fito yana jin ya kare mutuncin Malam.

Saura takardun. Ya je wurin limamin unguwa ya tambayi hukuncin takarda mai sunan Allah in ta ruɓe. Liman ya ce in har ba ta ajiyuwa, a ƙone ta a binne tokar a wuri mai tsarki, inda ƙafa ba ta bi. Ya ce in har ba ta ajiyuwa, wannan a fili ya faɗa. Amma Isufu ƙarshen maganar kaɗai ya ɗauka, don da shi ya zo nema. Salima ta ce ya fara gaya wa Inna. Ya ce tsofaffi ba sa gane irin wannan, zai gaya mata in ta saba da sabon abin. Wata Juma'a da hantsi ya fita bayan gari wajen duwatsu, ya yi alwala, ya ƙone su cikin sabon kasko, ya haƙa rami ya binne tokar, ya yi wa mahaifinsa addu'a har da hawaye. Babu wanda zai ce bai yi da ladabi ba. Gafakar kuwa ya mayar da ita akwati, wayam.

Da farko abin ya yi daɗi, a faɗi gaskiya. Inda tawada ta dushe sai ya ja da yatsa biyu rubutun ya girma. Babu shafin da ke ɓallewa. Inna ta shafa na'urar, ta kai hanci, ta ce wanga allo ba shi ƙamshin komi. Ta tambayi takardun, ya ce suna akwati suna hutawa. Ta ce madalla, sun gaji dai.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma mai son sabon abu ba ya tsayawa. Ya ji an ce in aka haɗa na'urar da intanet ana samun littattafan tafsiri kyauta, sai ya roƙi maƙwabcinsa na kasuwa lambar waifai, ya yi ta danne-danne cikin yaren da ba ya ji har ta kama. Tafsiri dai bai samu ba. Abin da ya gani shi ne wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a kusurwa, ta daɗe, sannan ta tsaya.

Washegari ya lura littattafan baturiyar sun ragu. Wanda ke da hoton jirgin ruwa babu shi, wanda ke da gida cikin ƙanƙara ma haka. Jibi wasu suka bi. Isufu ya yi dariya ya ce wa Salima mai ɗaki ce take kwashe kayanta, yanzu wurin ya zama nasu. Salima ba ta yi dariya ba. Ta ce wanda hannunsa ya kai ya ɗauka daga can, hannunsa zai kai ya yi wani abin.

Sannan akwatin rubutu ya fara fitowa. Yana cikin karatu sai wani farin murabba'i ya faɗo tsakiyar shafi, da layuka na wannan yaren, da wurin dannawa biyu a ƙasa. Ya kai wa Yunus. Yunus ya duba sama-sama ya ce talla ce, ya riƙa danna na hagu. Ya danna na hagu, abin ya tafi. Da fari sai an kwana biyu yake dawowa, daga baya kullum, daga baya duk lokacin da ya kunna. Akwai wata lamba a cikin rubutun da Isufu ya lura tana sauyawa, kullum ƙasa take yi. Ya koma wurin Yunus, aka ce ya yi arewa sayen kaya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Tsoro ya shige shi, amma irin tsoron nan da mutum ke ɓoye wa kansa. Kunya ta hana shi nuna wa kowa, don duk layin sun ji shi yana cika baki cewa gara da tsufa sun gama cin littafin gidansu. Salima ta ce ita fa ba ta son abin da ke magana cikin gidanta da harshen da babu mai ji. Ya ce mata ƙarfe ne da roba. Duk da haka ya daina barin na'urar a ɗaki, ya koma yawo da ita a aljihun gaba, yana taɓa ta a kai a kai.

Ran nan da azahar kasuwa ta yi sanyi, ya fito da ita don ya duba inda zai ɗora wa Inna da yamma. Shafin ya buɗe, akwatin ya faɗo. Wannan karon babu na hagu, babu na dama. Gurabe ne kawai a jere suna jiran lambobi. Ya gwada shekarar haihuwarsa, ya gwada sifiri, ya kashe ya kunna. Akwatin na nan zaune a tsakiyar rubutun Malam, ya rufe cikin shafin, ya bar layi biyu a sama da uku a ƙasa.

Ya bar shagon a buɗe ya nufi wurin Muhammad Kabir, wani Bakano mai gyaran waya a bakin kasuwa. Kabir ya ɗora wayarsa kan rubutun, nan take ta fassara. Abin da ya hana Isufu barci tsawon makonni bai ɗauki tsawon shan kofin shayi ba. Mai na'urar ta kai rahoton an sace mata ita, ta kulle ta daga can ƙasarsu. Saƙon da ya yi ta kora da yatsa gargaɗi ne, ana gaya masa ranar kullewa tana matsowa. Kabir ya jona ta da kwamfutarsa, kwamfutar ta ƙi ganinta. Ya sauya waya, ya sake, ya girgiza kai.

"Alhaji, zan iya buɗe maka ita," in ji shi. "Amma filashin zan yi, duk abin da ke ciki zai tafi. In kuma ka bar ta haka, wannan shafin ba zai gushe ba ko batir ya mutu, haka irin fuskar nan take. Ina asalin takardun? A sake ɗauka kawai."

Isufu ya miƙa hannu. Ya karɓi abarsa ya wuce shagon Balaraben da sauri, ko Allah ya sa wani abu ya maƙale. Mutumin ya gane shi tun daga ƙofa. Ya buɗe hannuwa ya tuna masa cewa sau biyu ya tambaye shi.

La'asar ta yi masa a hanya. Ya yi salla a wani masallaci da bai taɓa shiga ba, ya daɗe zaune bayan an watse, sannan ya tashi, don ya san ana jiransa. Salima ta ga fuskarsa a ƙofa, ta shige madafa. Inna na kan tabarmarta ta gyara zama, carbi a cinya. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai ne? Ka yi latti yau. Zamna."

Ya zauna. Ya rera layi biyun sama. Ya faɗa kan ukun ƙasa. Inna ta ɗaga hannu.

"Ka tsallake. Nan ne shika faɗin ranar da ya gan ni bakin rijiya. Koma baya."

Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa. Ya karanta wurin nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma da ido ya karanta, bai taɓa tunanin riƙewa ba. Kalma biyu suka zo masa, ta uku ta ƙi. Ya ce mata allon ne ya samu matsala, sai an gyara. Ta ce ba komi, ai ƙarfe shina gajiya. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe, ta ce ya ɗauko takardun daga akwati, sun huta haka nan, ya ba ta ta riƙe kafin ya samo wurin.

Hannun ya tsaya a tsakaninsu yana jira. Daga madafa motsin Salima ya ɗauke. Isufu ya kalli hannun nan da ya yi masa wanka, ya kasa faɗin ƙaryar da ya tanada.

"Inna, babu su. Na ƙone su, na binne tokar."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage shi ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tambaya a hankali ko cikin allon ma babu. Ya ce suna ciki, amma an kulle, ba mai iya fiddo su. Ta tambayi abin da ya rage. Ya ce layi biyar.

Ta janye hannun ta mayar kan cinya, ta juya fuska wajen bango.

"Ashe sai yau Malam ya tafi," ta ce.