Gitar da Ba Ta da Ciki

Mijin yayata, Malam Burahima tela, mutum ne mai girman kai irin na shiru. Ba ya faɗa, ba ya cika baki, amma da a ga gazawarsa gara ya wuni da yunwa. Ni Lami na san shi ciki da bai, domin tun ina yarinya nake yi masa tsiya, kuma ba mai hana ni: ƙanwar matarsa ce ni, abokiyar wasansa. Abin da Yaya Habsu ba za ta iya buɗe baki ta faɗa masa ba, ni sai in faɗa ina dariya. Da mijina ya rasu na dawo gidansu a Gure da zama, tsiyar ta koma ta kullum.

Bayan babbar salla ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi yana kan keken ɗinki. Allah ya taƙaita. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo ko da yake yana ɗan janta, amma hannun hagu ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Likitan da ya duba shi a Damagaram bai ɓoye mana komi ba. Ya ce in ba a motsa yatsun nan a cikin watannin nan ba za su sandare, kuma in sun sandare shi ke nan. Ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsa ta safe da yamma.

Malam ya karɓa da godiya. Ranar da muka iso gida ya kira 'ya'yan maƙwabta ya ba su ƙwallon.

Daga nan hannun ya shige aljihun riga bai sake fitowa ba. Ya daina zama a fada wurin shan shayi da abokansa. Ya bar zaure ya koma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, in masu kawo ɗinki sun yi sallama ya ce a ce yana barci. Yaya takan kawo man shanu za ta murza masa yatsun, sai ya kau da kai ya ce, "Bari, Uwar Nasira." Da sunan 'yarsu ta fari da ke aure a Bune yake kiranta. Ita kuma sai ta bari, don Yaya ba ta iya musu ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji. Ina ganin mutum yana barin hannunsa ya mutu don kada a gan shi yana fama.

Wani abu da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, wannan tsoho mai sahun gaba a masallaci shi ne mai gitar orkes, wato rukunin makaɗa, na ƙungiyar samariya ta Gure a zamaninsa. Har Damagaram suka je gasa. A wurin wasan nan Yaya ta fara ganinsa, ni ina riƙe da gefen zanenta. Gitar ba tasa ba ce, ta samariya ce, kuma da abin ya watse aka kwashe kayan kiɗan, ba wanda ya san inda suka ƙare. Bai taɓa mallakar tasa ba, bai kuma sake tada zancen ba.

Wata ranar kasuwa mun fito sayen kayan miya, sai muka bi ta gaban butik ɗin Ɗan Kasuwa, wani Badamagare mai sayar da tsofaffin kaya: rediyo, fanka, dutsen guga, duk abin da wani ya gaji da shi. Yaya ta tsaya cak. Can a jikin bango an rataye wata gita ja wadda jan ya koɗe, fentin ya goge sarai a inda hannu ke kwanciya.

Ɗan Kasuwa ya ga inda idonta ya tsaya, nan da nan ya sauko da ita.

"Hajiya, kin iya zaɓe. Wannan ba irin na yanzu ba ce. Ƙirar Japan ce ta da, ta girme wa 'yarki ta fari. An daina yin irinta. Turawa har nemanta suke."

Na ce, "To me ya hana Turawan zuwa Gure? Ko hanya suka ɓata?"

Yaya ba ta kula mu ba. Ta karɓi gitar ta yi mata irin duban da take yi wa ƙwarya kafin ta saya. Ta ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ta kara kunne. Shiru. Ta juya ta, ta duba gaba, ta duba baya, ta duba gefe.

"Ina cikinta?"

"Ba ta da ciki, Hajiya. Haka ake yinsu."

Na kwashe da dariya har masu wucewa suka waiwayo. Gurmi yana da ciki, molo yana da ciki, ganga ma da cikinta take magana. Wannan kuwa allo ne kawai aka ɗaura wa waya. Yaya ta ja waya ɗaya da farce, sai ga wata 'yar ƙara kamar kukan sauro.

Ɗan Kasuwa ya ce, "Ai sai da kuran, wutar lantarki. Sai an haɗa ta da ampili, akwatin da ke ƙara mata murya."

"Ina ampilin?"

Ya sosa ƙeya. Ba shi da shi.

Na ja hannun Yaya mu tafi, ta ƙi motsi. Ta ce a kira mata Rashidu. Shi ne mai kiɗan bukukuwa a garin, magidanci ne mai iyali, kuma ba ya yi wa mutum ƙarya don a ji daɗi. Aka aika, ya zo da ɗan ampilinsa a bayan moto, wato babur. Ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya ɗauki gitar, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyanta. Ya shafa katakon. Ya bi wayoyin da yatsu, sama da ƙasa, ya jima yana yi.

Ya ce, "Inna, gaskiya katakon na kirki ne. Ya gama bushewa tun tuni, zafin Gure ba abin da zai ƙara yi masa. Wuyan a miƙe yake. Kuma dubi yadda wayoyin suka kwanta kusa da katako, ba sai an sa ƙarfi ba, taɓawa kaɗan sun danne. Sababbin da ake kawo mana yanzu ba su da wannan laushin."

Ɗan Kasuwa ya fara washe baki. Rashidu ya jona igiya, ya kunna ampili, ya kaɗa. Ba abin da ya fito sai gurnani. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya bubbuga. Gurnani dai.

Ya nuna wasu ƙarafa da ke kwance ƙarƙashin wayoyin. "Waɗannan su ne kunnuwanta, su ke ɗaukar sauti su kai wa ampili. Sun mutu. Irinsu babu a Gure, da wuya ma a same su a Damagaram. Inna, kada ki saya. A wurin biki ba ta da wani amfani. Mai riƙe da ita kaɗai zai ji ta."

Na ce, "Alhamdu lillahi, an gama. Mu je."

Yaya ta ce, "Maƙwabta ba za su ji ba?"

"Ko wanda ke bakin ƙofa ba zai ji ba."

"Ko mutum ya yi kuskure?"

Rashidu ya yi dariya. "Inna, wa zai sani?"

Ta ce, "Na saya."

Akuyarta ja, mai ba da nonon da ake dama wa Malam fura, ita ta koma hannun Ɗan Kasuwa a yammacin nan. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce akuya mai nono za ta bayar a kan bebiya, abin da mai sana'ar da kansa ya ce kada a saya? Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Lami, kin san shi fa. Da tana da murya, ba zai taɓa ta ba."



A cikin zane muka naɗe gitar muka kai ta gida, don kada a ga matar Malam Burahima da kayan kiɗa a kan titi. Yaya ta kwance zanen, ta jingina ta da ginshiƙin rumfa kusa da tabarmarsa. Na ga idonsa ya sauka a kanta. Fuskarsa ta saki na ɗan lokaci, sannan ta sake ɗaurewa.

"Wa ya ce ki kwaso wannan?"

"Babu, Malam."

"Mayar da ita."

Ya juya mana baya. Ba a mayar ba, shi kuma bai taɓa ba. Kwanaki suka yi ta wucewa gitar tana tsaye inda aka ajiye ta, kaji suna kewaya ta, furarsa kuma ta koma ta madarar gari, bai tambayi dalili ba. Wata safiya na tarar da Yaya tana daka tana share hawaye da gefen gyale. Tausayinta ya kama ni. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce mai baki, Lami. Yi wani abu."

Da hantsi na ɗauki gitar na zauna dab da shi, na riƙe ta a juye, kai ƙasa.

"Angona, tunda ka tsufa ka ajiye aiki, ni zan kafa orkes. Kai kuma ka riƙa bina da buta."

Ko kallona bai yi ba. Na kama ɗaya daga cikin maɓallan da ake ɗaure waya da su, na siririyar wayar nan ta ƙarshe, na fara murɗawa ina ja da farce. Ƙarar ta ƙara siranta. Na ƙara murɗawa. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

"Za ki tsinke ta."

"Ta tsinke mana. Ai ba ta da mai ita."

"Ke Lami, sassauta!"

"Ta wane gefen?" Na murɗa ta inda zai ƙara ɗaurewa, da gangan.

Ban san yana da sauran wannan zafin naman ba. Ya fizge ta da hannun dama, ya ɗora a cinya, ya miƙa hannun ya sassauta wayar yana faɗin ba a taɓa yin mummunar mace mara hankali irina ba. Ya ja wayar, ya saurara, ya gyara. Ya koma ta biyu. Amma wuyan gitar ya yi ta sulalewa ƙasa, don ba abin da ke tallafe da shi. Ya ɗaga, ya sake sulalewa. Sai ga hannun hagu ya fito daga aljihu, a dunƙule yadda yake, ya shiga ƙarƙashin wuyan ya tare shi. Ina jin shi kansa bai lura ba sai da ya ga inda nake kallo.

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi, zuciyata fes. Na kai bakin madafa sai ya kira ni.

"Kina ji daga nan?"

"Ji me?"

Ya kaɗa wayoyin duka da ƙarfi, na ga hannunsa ya sauka. Na ce masa wallahi ba na jin komi, kuma gaskiya na faɗa. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen bango.

Tun daga ranar, in an idar da sallar la'asar sai ya jawo ta. Mu kuma muka koyi yin kamar ba mu gani. Ta gefen ido nake kallonsa yana kama yatsun hagu da hannun dama, yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora su a kan waya, suna zamewa. Wani lokaci ya yi tsaki ya ture ta gefe, ya zauna yana huci. Can kuma ya sake jawo ta. Ba wanda ya ji kuskurensa ko ɗaya, har mu da ke cikin gidan.

Ranar da nake son in ba da labarinta, ina tsinkar zogale a bakin madafa, Yaya tana tankaɗe. Sai muka ji ya ce, "Uwar Nasira."

Ta karkaɗe hannu ta je, ta zauna a bakin tabarma can nesa, inda ta saba zama tun tana amarya.

"Daga nan ba za ki ji ba. Matso."

Ta matsa kaɗan.

"Matso dai. Sa kunnenki nan, a jikin katakon. Haka muke yi da in an ɗauke kuran."

Yaya ta waiwayo ta dube ni, kunya ta rufe ta, tsohuwa da jikoki. Ni kuma na dukufa a kan zogalena kamar ban taɓa ganin ganye ba. Ta sunkuya ta kara kunnenta a jikin gitar, kanta dab da ƙirjinsa. Duk zamana da su ban taɓa ganin sun zauna kusa haka da rana tsaka ba.

Ya jera yatsun a kan wayoyi. Biyu suka zauna, na tsakiya ya zame. Ya mayar da shi, ya sake zamewa. Na ɗauka zai ture gitar kamar yadda ya saba. Sai na ji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Danna mini wannan. Ya ƙi."

Ta miƙa hannunta mai sauran gari, ta ɗora yatsanta a kan nasa, ta danna. Ya kaɗa. Ni ban ji komi ba, amma na ga Yaya ta rufe ido.

"Saki," in ji shi.

"Malam, zai zame."

"Saki in gani."

Ta ɗaga yatsanta a hankali, ta bar shi a sama kusa, ko da za a buƙace shi. Nasa ya yi rawa, ya yi rawa, amma ya tsaya a kan wayar. Ya sake kaɗawa.

"Na ji," in ji Yaya, kunnenta yana jikin katakon. "Ƙara."