Ranar da Tabki Ya Karɓe Filinsa

Shekarar da ekip ɗin Gawon Zermu, ƙungiyar ƙwallon garin Zermu, ta hau babban rukunin lig ɗin Damagaram, ita ce shekarar da gero ya ƙone a tsaye tun bai kai gwiwa ba. 1984 ke nan. Rumbuna suka koma wayam, iyakar Najeriya a rufe, mai son zuwa cin rani Kano sai ya bi daji. Abin da ya rage wa garin abu biyu ne: jar dawar taimako da kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa, da ƙwallo ranar Lahadi.

Gambo shi ne kaftin, ɗan baya ne, manomi kamar sauran 'yan wasan. Shi aka miƙa wa takardar lig, shi kuma ya kai wa Mushe Yusufu ya karanta. Mushe laƙabin malaman boko ne a nan. Yusufu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Birni, shekararsa biyu kacal a Zermu, kuma shi ke riƙe da takardun ekip. Takardar ta ce babban rukuni ba ya wasa a harabar lakwal mai duwatsu. Sai an nemo fili shimfiɗaɗɗe, an auna, an rubuta sunansa.

Mushe ya ɗauki igiyar awo ya zaga gari. A bayan gari ya tarar da wani wuri mai faɗi, ƙasa a daddaɓe kamar tsakar ɗaki, ba dutse ba kututture. Ya auna, ya rubuta Filin Bayan Gari, ya aika Damagaram.

Kowa a Zermu ya san tabki ne. Amma shekara uku ke nan ruwa bai kwana a cikinsa ba, kuma lissafi ya nuna za a gama wasannin tun kafin damina. Gambo ya yi niyyar faɗa, sai ya ga yadda Mushe ke murna, ya fasa. Aka sare goriba huɗu aka kafa turakun raga.

Wasan farko a Damagaram biyar aka zura musu ba ko ɗaya. Na biyu huɗu. Amma da aka fara zuwa Zermu sai labari ya canza, don 'yan birni masu takalman ƙusa santsi suke yi a kan busasshen yumɓu, 'yan gari kuwa sun san kowace tsaga. Ranar Lahadi ta zama ranar gari. Mutanen ƙauyuka da suka zo karɓar dawa sai su tsaya kallo. Kande matar Gambo ta fara kawo kwaɗon zogale a ƙwarya. Tsofaffin da suka ce ƙwallo wasan yara ne suka riƙa zuwa da buzayensu tun azahar don kama inuwa. Na awa biyu ba mai zancen rumbu.

Yunwa dai ta ci gaba da ɗibar nata. Habu mai tsaron gida ya tafi Agadas, wasu uku suka bi daji zuwa Kano. Aka rage su goma sha biyu. Sannan sau biyu ana ɗage wasanni saboda duk kamyon da ke ƙasar yana jigilar hatsi, har wasan ƙarshe ya faɗa cikin watan Yuni.

Wasan da Walƙiyar Garagumsa ne, a Zermu, Lahadi ƙarfe huɗu. Kunnen doki ya ishi Gawo ta zauna a babban rukuni. In aka cinye su, sun koma ƙasa, ba sauran baƙi ranar Lahadi, ba sauran taro.

'Yan Garagumsa suka iso ranar Asabar da la'asar, aka raba su gida-gida kamar yadda aka saba. Kaftin ɗinsu, wani dogo mai yawan ba'a da ake kira Ɗanladi, gidan su Gambo ya sauka. Inno, mahaifiyar Gambo, ta tuƙa masa tuwon jar dawa da miyar kuka, ta ce ya yi haƙuri, abin da shekara ta bayar ke nan. Ɗanladi ya sa hannu yana cewa gobe zai rama alherin da ƙwallo uku a ragar ɗanta.

Bai gama loma ta huɗu ba iska ta juyo daga gabas. Kaji suka ruga ɗaki. Kafin magariba aka kece da ruwa irin wanda yara 'yan shekara uku ba su taɓa gani ba. Mata suka fito da tuluna, maza suka tsaya a cikinsa ba mai neman rumfa. Inno ta zauna a bakin ɗaki tana ta hamdala, Ɗanladi ya bar tuwon ya fito yana tara hannu. Gambo ma ya yi murna sosai. Sai da ya ji ƙarar ruwan kwarin da ke gangarowa bayan gari sannan ya tuna da filin ƙwallo.

Da gari ya waye ya ruga. Ya tarar da Mushe Yusufu tsaye da igiyar awo a hannu, yana kallon ruwa malala har gindin kukoki. Turakun raga sun nutse rabi, wani belbela ya sauka a kan sandar sama. Kwaɗi kuwa sai kuka kamar an biya su.

"Gambo, ina filina?"

"Ga shi nan, Mushe. Mai shi ne ya dawo."

Mushe ya yi ta tambayar dalilin da ya sa ba wanda ya faɗa masa. Gambo ya ce sun ɗauka ya sani, sannan ya gyara ya ce a gaskiya sun ɗauka ruwan ne ba zai zo ba.

Da hantsi arbit, alƙalin wasa, ya iso a kan babur, wani gajere mai suna Ali, wandonsa duk taɓo. Ya leƙa tabkin, ya buɗe littafinsa, ya faɗi doka a taƙaice. In ƙarfe huɗu ta yi mai gida ba shi da fili, ya yi forfe, wato an cinye shi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Amma zai karɓi kowane fili, muddin ya cika awo kuma a shimfiɗe yake. Ya ƙara da cewa ruwan nan ya sauka har Takyeta da Garagumsa.

Jin haka 'yan Garagumsa suka miƙe. Su ma manoma ne, kowa zuciyarsa ta tafi gonarsa. Ɗanladi ya ce a rubuta forfe yanzu su kama hanya. Ali ya ce forfe ba ya rubutuwa sai huɗu ta buga, wanda kuma ya bar gari kafin nan shi ne ya yi forfe. Ɗanladi ya koma ya zauna yana ƙunƙuni.

Gambo da Mushe suka bazama neman fili. Gari kamar an share shi, kowa yana gona da sungumi, doguwar fartanyar shuka. Harabar lakwal duwatsu. Filin kasuwa bai kai rabin awo ba. Gonakin da ke shimfiɗe kuwa, wasu an yi musu binne, wato an zuba iri a busasshiyar ƙasa, tun kafin ruwa, wasu an shuke su tun asuba, kuma ba mahalukin da zai bari a taka masa iri a shekara irin wannan. Sule, ɗan gaban ekip, ya ɗago daga sara ya ce wa Gambo ya kira shi in an samu, shi dai ba zai bar layi a rabi ba.

Azahar ta gabato. Mushe ya zauna a kan dutse ya share gumi, ya ce saura gona ɗaya da ba su duba ba. Gambo ya ce ya sani.

Gonar gidansu ce, gabas da gari, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Ba a yi mata binne ba, don bara Inno ta yi binne, aka yi yayyafi ɗaya, irin ya tsiro ya ƙone. Bana ta rantse sai ta ga ruwa da idonta. Irin da ya rage ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da yumɓu, ko ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba ba ta fasa shi ba.

Gambo ya same ta a bakin gonar, tulun a gabanta, ita da Kande suna jiransa tun safe. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar wanda ya kwana biyu ba su haɗu ba. Ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi, gaisuwar ta yi yawa.

Ya faɗa. Inno ta dafa tulun. Sannan ta lissafa masa: laimar nan ta kwana ɗaya ce, rana tana shanye ta tun yanzu. Mutum biyu da mai sara ɗaya sai sun yi kwana biyu kafin su gama gonar. Ya riga ya ɓata rabin yini yana yawo da malamin lakwal, yanzu kuma yana so ya kawo ƙarti ashirin da biyu su tattake abin da ya saura.

"Inno, in muka sauka, Lahadi ta mutu a garin nan."

"In ba mu shuka ba, wa zai rayu ya je kallon?"

Kande ce ta yi magana, a hankali, ta ce ƙarti ashirin da biyu ai hannu arba'in da huɗu ne. Inno ta juya ta kalli surukarta. Sai ta ce a kira mata baƙon nan da ya ci tuwonta, da gajeren mai babur.

Da suka zo ta shimfiɗa musu sharaɗi. Za ta ba da gona. Amma da an busa tashi, ba wanda zai bar wurin, ɗan gari ko baƙo, sai an shuke ta tas. Gayya ce, kuma ta riga ta kira. Ɗanladi ya fara cewa su ma tasu gonar tana jira.

"Ɗana, jiya ka ce za ka rama tuwona. Ƙwallo uku ba na ci. Sungumi ɗaya nake so."

'Yan Garagumsa suka kwashe da dariya, Ɗanladi ya sosa ƙeya ya ce ya ji, Iya. Ali ya ce shi ma'aikaci ne, bai taɓa riƙe sungumi ba. Inno ta ce to zai riƙe ƙwaryar iri.

Saura awa biyu. Mushe ya ja igiya, awo ya cika har da rara. Aka aika makaɗin samariya, ƙungiyar matasan gari, ya zaga gonaki da ganga ya kirawo mutane. Sule da wasu shida suka shiga tabki ruwa iya ƙirji, suka girgiza turakun goriba har suka tumɓuke su. Farar ƙasar zana layi tana ƙarƙashin ruwa, don haka mata suka kwaso tokar murhunsu a ƙwarya suka bi igiya suna zubawa. Huɗu saura minti biyar Ali ya taka filin daga kusurwa zuwa kusurwa, ya duba agogo, ya sa usur a baki.

Wasan bai yi kyau ba, amma ya yi zafi. Ƙasa jiƙaƙƙiya, ƙwallo ta yi nauyi, kuma rabin 'yan Gawo sun yini suna sara. Minti ashirin Ɗanladi ya tashi sama ya sa kai, ta shiga. Da ya wuce ta gaban Inno sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ya ce saura biyu, Iya. Ta ce ya adana ƙarfinsa.

Aka dawo hutu, aka yi ta fama ba labari. Saura minti goma, Gambo ya ja Sule gefe. Akwai wani ɗan kwari a gonar, kusa da kusurwar hagu ta ragar baƙi, inda ya tone kututturen ƙalgo shekara biyu da suka wuce. Ido ba ya ganinsa, amma duk ruwan da aka yi nan yake taruwa, ƙasar ta yi laushi kamar kunu. Ya ce wa Sule in ya ga ya ɗaga ƙwallo can, kada ya bi inda za ta gangara, ya tsaya inda za ta faɗi.

Da ƙwallo ta zo masa, Gambo ya narka ta sama. Ɗan bayan Garagumsa da mai tsaron gidansu duk suka ruga gaba don tarar ta in ta yi tsalle. Ba ta yi tsalle ba. Ta faɗi a kwarin ta lafe kamar an ajiye ta da hannu. Sule ya zo ya ɗauke ta, ya kewaye mai tsaron gida, ya tura ta raga a hankali.

Tsofaffi suka tashi daga buzaye. Mintocin da suka saura Gambo bai san yadda suka wuce ba, ya dai san sau biyu ya tare da ƙirji, sau ɗaya da fuska. Ali ya busa tashi, ɗaya da ɗaya. Gawon Zermu ta zauna.

Ba a bar su sun yi murna ba. Inno ta riga ta fasa bakin tulu. 'Yan kallo suka miƙo sungumansu, 'yan wasa ashirin da biyu suka jeru daga wannan gefe zuwa wancan da rigunan wasa a jikinsu, suna tafe suna sara. Mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, makaɗi yana ba su taki. Ali ya bi bayan Ɗanladi da ƙwarya, yana zuba iri da yawa a rami ɗaya, har Inno ta zo ta nuna masa yadda ake tsunkula da yatsa uku. Ƙasar ta ɗan taku, amma laima tana nan a ƙasa. Gonar da ke cin kwana biyu aka gama ta kafin ladan ya kira magariba.

Kamyon Garagumsa ya tashi, Ɗanladi yana leƙowa yana cewa baɗi a can gidansu sai ya cika biyun da suka saura. Mushe Yusufu ya matso kusa da Inno da littafinsa, ya tambaya cikin ladabi ko za a iya rubuta gonar a matsayin filin ekip na baɗi. Ta ce ya je ya tara samarinsa su kwashe duwatsun lakwal, kuma daga yau in zai auna wuri ya fara tambayar tsohuwa.

Ruwa ya ci gaba da zuwa a shekarar. A watan Agusta, duk wanda ya hau dutsen gabas ya dubi gonar Inno sai ya ga wani abu. Inda mata suka zuba toka, geron ya fi tsayi, ya fi duhun kore. Layukan gefe, da'irar tsakiya, har gidan mai tsaron raga, duk ga su nan a tsaye cikin hatsi. Ranar Lahadi, da ba wasa, tsofaffi can suke kai buzayensu.