Ranar da Gari Ya Ga Kukan Tae-sik

A cikin fim ɗin da ake haskawa a jikin farin bangon zauren taro na garin, wani mutum ya durƙusa tsakanin itatuwan tuffa, ƙanƙara ta rufe ƙasa kamar an zubar da buhunan gishiri, ya dafe kai yana kuka. Mutumin da kansa kuwa yana zaune kusa da ƙofa, yana murza hularsa.

Ryu Tae-sik ya baro Koriya da matarsa Mi-ran, ya sayi gona a tsaunukan kudancin jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya tun 'yarsu Ha-yun tana rarrafe. Gaisuwarsa da maƙwabta ba ta wuce ɗaga hannu daga mota, bai kuma taɓa aron ko igiya a wurin kowa ba. Ha-yun ta girma, ta karanci harkar fim, ta dawo ta yi shekara tana bin iyayenta da kyamara. A shekarar ce ƙanƙara ta kakkaɓe amfanin gonar ana shirin tsinka.

Ko da safiyar yau sai da shi da Ha-yun suka yi ta a kicin.

"Ki cire wurin nan," in ji shi.

"Baba, in na cire shi babu fim."

"To a fasa! Turawan nan za su ce ɗan Koriya ya gaza. Da wane ido zan shiga kanti?"

Mi-ran, wadda ke shirya tuwon shinkafa mai zaƙi na baƙi, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da idon da ka yi kukan mana, Baban Ha-yun. Miƙo min faranti."

Yanzu ga shi gari duka yana kallo. Fim ya ci gaba: su biyu suna tsince tuffar da ta faffashe, Mi-ran tana matse ruwanta a kwalabe, sanyi ya wuce, itatuwa suka sake yin fure. Tae-sik bai ga ko ɗaya ba, takalmansa yake kallo.

Ana buɗe labulen tagogi ya miƙe zai sulale. Sai ya ci karo da Glenn Haddow, ƙaton maƙwabcin da shinge ɗaya ya raba gonakinsu, ya cika ƙofa.

"Ina zuwa, Tae?" Idanun Glenn sun yi ja. "Ka san inda nake ranar ƙanƙarar nan? Cikin tarakta. Na rufe ƙofa, na ƙure rediyo, don kada Noreen ta ji ni ina kuka."

"Na ji ka sarai, tsoho," in ji matarsa daga baya. "Har karnuka sai da suka taya ka."

Zaure ya kwashe da dariya. Wani manomi ya ce shi bayan rumbu ya yi nasa, wani ya rantse cewa ƙura ce ta shiga masa ido, aka yi masa ihu.

Glenn ya dafa kafaɗar Tae-sik. "Muna haɗa kai mu sayo ragar kare ƙanƙara. Ka zo taro ranar Laraba. Wallahi da mun ɗauka kai ba mutum ba ne, injin noma ne."

Nan take tafi ya ɓarke, hannaye suka yi ta tura shi har gaban jama'a, inda Ha-yun ke tsaye tana cizon leɓe. Aka miƙa masa makirufo. Ya juya shi, ya dubi fuskokin da ya daɗe yana wucewa a hanya, ya gyara murya.

"Wannan 'yata ce," ya ce. "Ba ta jin magana." Ya kama hannunta ya ɗaga sama. "Ku sake tafa mata."

Mutane suka miƙe tsaye. Kyamarar Ha-yun na rataye a wuyanta, amma sam ba ta tuna da ita ba.