Ramin da Ya Mutu Tun Daga Kamfani

Ranar Lahadi da hantsi Ustad Barkat yana zaune a ƙofar shagonsa a Gujranwala ta ƙasar Pakistan, ya kwance bayan wata tsohuwar talabijin yana busa mata ƙura, sai ga babur ɗin mijin 'yarsa ya tsaya. Tanwir ne a gaba, da tabarau da farar riga ta sha guga. A bayansa 'yar tasa Shagufta ta zauna a karkace, ta rungume wani baƙin akwatin kwamfuta a cinya. Amma ba akwatin Barkat ya fara gani ba. Jakar kayanta ya gani ɗaure a bayan babur, ƙatuwa, ba irin ta mai zuwa wuni ba.

Wata bakwai ke nan da aure. Mace ba ta ɗauko irin wannan jaka don ta zo shan shayi.

Barkat ya miƙe, ya goge hannu a gefen riga, ya jawo kujerar nan ɗaya tilo mai ƙafa huɗu lafiyayyu. Mijin 'yarka ko jaki ne, kujerar kirki za ka ba shi, ka kuma tambaye shi ko iskar fanka ta ishe shi. Kafin Tanwir ya gama zama, Nasrin matar Barkat ta leƙo daga cikin gida, ta ga jakar, ta koma ta kama kaza. Shagufta ta bi bayanta ba ta kalli kowa ba.

Tanwir injiniya ne. Na hanya ne, ba na wuta ba, amma a gidansu ba a rarrabewa. Da ya shanye kofi biyu na lassi, kaɗaɗɗen nonon nan mai sanyi, ya fara bayani. Wai wata uku ya yi yana tattaro kayan nan ɗaya bayan ɗaya daga Lahore, kowanne shi ya zaɓa da kansa, kuma ranar Juma'a ya haɗa su da hannunsa, bai tambayi kowa komai ba. Da ya danna, fankoki suka juya, fitilu suka kama, amma fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Ya yi bincike irin na ilimi, ya gano dalili: Shagufta ta taɓa. Ta goge ta da tsumma. Mahaifiyarsa ma ta ce ita dama ta lura, tun da yarinyar ta shigo gidan firji ya mutu, injin jan ruwa ya ƙone, a bincika dai ko tana da farar ƙafa. Don haka ya kawo ta ta ɗan zauna, har ta koyi abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa. Kwamfutar kuma ya kawo ne don Abba ji, yadda yake kiran Barkat don girmamawa, ya gani da idonsa, kada a ce an yi wa 'yarsa sharri.

Barkat bai wuce aji huɗu ba, amma shekara talatin da biyu yana leƙen bayan akwatunan mutane. Ya ɗora kwamfutar a tebur, aka jona, Tanwir ya cusa wayar hoto da kansa, ya danna. Fitilu ja da kore da shuɗi suka kama, sai ka ce babbar motar kaya ta Peshawar. Fuska kuwa shiru.

Barkat ya zagaya baya ya duba. Ko numfashi biyu bai yi ba ya ga ciwon.

Akwatin yana da ramukan hoto a wuri biyu. Na sama na jikin babban farantin da ake dasa sauran kayan a kai ne, kuma a irin wannan haɗin ba ya fitar da komai, ado ne kawai. Na ƙasa su ne na katin hoto, katin da ya fi duk sauran kayan tsada, wanda dominsa aka yi hidimar gaba ɗaya. Tanwir a na sama ya cusa waya. Na ƙasa kuwa suna nan toshe da 'yan baƙaƙen marufansu na roba, yadda suka fito daga kwali. Barkat bai yi mamaki ba. Ya taɓa shiga gidan su Tanwir. Kujerun falonsu shekara tara suna cikin leda, in ka zauna da zafi sai ka tashi da ƙara. Rimot a leda, agogon bango a leda, sirdin babur ɗin nan ma da ledarsa ta kamfani. A gidan, ranar da ka ɓare wa abu leda, ranar ya zama kwance.

Aikin ƙiftawar ido ne. Amma ba a nuna wa mijin 'ya kuskurensa a gidan surukai, balle ga Fazal tela na shagon kusa ya riga ya shigo, da tef a wuya, ya tsaya kallo.

Sai Barkat ya ja baya ya bar injiniya ya yi injiniyancinsa. Tanwir ya ce fuskar ce ba ta da kyau, aka sauko masa da wata. Ya ce waya ce, aka ba shi sabuwa dal. Ya zare 'yan sandunan nan da ake kira ram, ya hura musu iska, ya mayar. Ya ce wutar unguwar nan ba ta da ƙarfi, ta unguwarsu ta fi, ya manta a unguwar tasu abin ya fara ƙi. Duk talabijin mai rai da ke shagon sai da aka gwada, har da ta wani liman da ba a zo karɓa ba. Kowane karo ya ɗauki waya, ya tsallake ramukan ƙasa, ya cusa a na sama. Fazal ya ba da shawarar a ƙona jan barkono bakwai a zagaya akwatin da hayaƙin, wai kambun baka ne, haka ya yi wa kekensa na ɗinki.

Da Barkat ya ga rana tana yi, sai ya sa fuskar wawa.

"Puttar, ɗana, ni jahili ne, ka yi min uzuri. Waɗannan 'yan marufan na ƙasa fa, me suke rufewa?"

"Ba a cire su, Abba ji," in ji Tanwir, tun kafin a rufe baki. "Na ƙura ne. Ba ruwansu da hoto. Na riga na faɗa, na sake faɗa."

Kunnuwansa sun yi ja. Barkat ya lura da wannan, ya kuma lura da "na sake faɗa". Wa ya faɗa wa? Ya ce bari ya duba ko abinci ya nuna, ya shige gida.

Ya tarar da Shagufta a tsugune tana yanka albasa kamar albasar ce ta yi mata laifi. Ya tambaye ta ko ta goge abin da tsumma. Ta ce ko yatsa ba ta ɗora ba.

"To me kika yi?"

"Faɗa masa na yi, Abba. Na kawo shayi, na ga inda ya sa wayar, na ce ya cire murfin ya sa a ƙasa."

"Ku biyu?"

"Uwarsa tana wurin. Da ƙanwarsa. Da mijin ƙanwar."

Barkat ya zauna a bakin gadon igiya. Yanzu ya ga ciwon na gaskiya, kuma ba a bayan akwati yake ba. Ramin ƙasa ya zama ramin Shagufta. Tanwir gara ya jefa kwamfutar a kwata, ya bar matar a gidan ubanta har damina, da dai hoto ya fito ta inda mace ta nuna a gaban uwarsa. Nasrin ta ce ya fita ya gaya wa mutumin gaskiya kawai. Barkat ya ce gaskiya ai an gaya masa tun Juma'a, ga ta nan tana yanka albasa.

Ya koma shago. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai allura, ya juya baya kamar mai neman tabarau, ya murɗa ta zuwa inda ko a wayar babbar tashar wuta ka ɗora ta ba za ta motsa ba. Sannan ya nemi izinin injiniya ya ɗan gwada wani abu irin nasu na 'yan bakin titi. Ya zare wayar, ya zura tsinken mitar biyu a ramin sama, ya ɓata fuska, ya sake zurawa, ya kira Fazal ya zo ya zama shaida.

"Ka ga allura?"

Fazal ya ce ko gezau.

"Inna lillahi. Matacce ne. Puttar, haɗinka ba shi da aibi ko ɗaya, ni ma da nan zan sa. Ramin ne ya zo a mace tun daga kamfani. Cikin ɗari akan sami guda."

Tanwir ya gyara tabarau ya sunkuyo ya kalli allurar. Ya ce shi ma abin da yake zargi ke nan tun farko.

Barkat ya ce to tunda ƙofar gaba ta rushe, sai a lallaɓa ta taga. Akwai wata dabara ta marasa karatu, ba ta cikin littafi, ba kuma yadda ya kamata ba ne, amma takan yi: a ɗan ari ɗaya daga ramukan ƙasa na wucin gadi. In injiniya ya yarda. Tanwir ya ce a ka'ida bai dace ba, amma don girman Abba ji a gwada. Shi ya cire murfin da farcensa, a hankali kamar mai cire ƙaya, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu. Ya cusa waya. Ya danna.

Fuska ta yi haske, rubutu ya fito fari tas.

Fazal ya yi kabbara, ya ce da an ƙona barkonon ma da tuni. Tanwir ya ɗago, idonsa ya haɗu da na Barkat, ya yi saurin kawar da kai. A nan Barkat ya san Tanwir ya sani. Tun Juma'a ya sani. Tsani kawai yake nema ya sauko, ya rasa wanda zai kafa masa.

Da aka zauna cin kaza, bakin injiniya ya dawo. Ya ce gobe zai je Lahore ya ci mutuncin mai shagon da ya sayar masa da mataccen kaya. Barkat ya ga in ya je, yaran shagon za su yi masa dariyar da za ta dawo kan Shagufta, sai ya ce kul, mutanen nan riƙe kaya suke yi wata uku su dawo maka da na wani, mai ilimi ba ya jayayya da 'yan kasuwa. Tanwir ya yarda da wannan, ya ɗauki cinya ta biyu. Barkat ya bari ya haɗiye, sannan ya ce tunda lahanin na kamfani ne, ashe tsumma ba shi da laifi, ƙafar Shagufta ma haka. Tanwir ya ce zai yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa, don abu ne na fasaha, ba kowa zai gane ba. Ya ce Shagufta ta shirya su tafi. Amma dai a ja mata kunne ta rage sa baki a abin da ba ta sani ba.

Barkat ya ce za a ja.

A soro Shagufta ta tsaya gaban ubanta tana gyara mayafi, mijin yana waje yana goge sirdi. Ba ta yi godiya ba, Barkat ma bai sa ran za ta yi ba.

"Kai ka koya min ramin nan, Abba. Ina 'yar shekara goma sha biyu."

"Na sani."

"Yanzu in ya tambaye ni fa?"

"Ba zai tambaya ba. In uwarsa ta tambaya, ki ce na sama ya mutu, ubanki ya auna."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, abin da bai taɓa yi wa ko ɗan sanda ba. Sannan ta fita. Tanwir ya ɗora mata akwatin a cinya, ya ce ta riƙe ta gefe, kada ta taɓa bayan.