Alawa a Kan Layin Alli

Wayar Amanjol ce ta fara ruri a cikin kwanon silba, Zauresh kuwa hannunta dumu-dumu da ƙullin baursak, irin fanken nan nasu na fulawa. Duk ma'aikatan rijiyar man a kwanon nan suke zube wayoyinsu kafin su hau dandamalin haƙa, don iskar gas ba ta wasa da tartsatsi, ita kuma mai girki ta zama mai gadin kwano ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ta san kukan kowace waya. Wannan kuwa ta fi saninta, don sau biyu tana ɗaga ta, sau biyun kuma ta hau matakalar ƙarfen nan da ƙafafu masu nauyi ta shaida wa Amanjol cewa abin da matarsa Akmaral ta haifa bai zo da rai ba.

Tun daga na biyun bai ƙara karɓar shayi daga hannunta ba. Ba faɗa suka yi ba. Yana gaishe ta da kiran da ake yi wa uwa, "Apa, an tashi lafiya?" amma idonsa na kan bango, abincinsa kuma sai dai wani ya kai masa ɗaki. In ta ɓullo ta nan, ya zame ta can. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ita da ta haifi kamarsa, a ce fuskarta ta zama abin gudu.

Ta goge hannu a zane, ta yi bisimilla, ta kara wayar a kunne.

"Suyinshi! Suyinshi!" Wato albishir. Muryar mahaifiyar Amanjol ce daga asibiti a garin Janaozen, tana dariya tana kuka. "Mace ce! Ki ji ihunta, kamar ana yanka ta! Akmaral lafiya lau, har ta nemi romo!"

Zauresh ba ta san lokacin da ta zauna a kan buhun fulawa ba. Ta miƙe, ta sake zama. Ta yi wa tsohuwar alkawarin sabon ɗankwali na tukuicin albishir, ta sumbaci wayar, ta sumbaci ludayi, sannan ta juyo ta yi ido huɗu da Kuandik direba, wanda ke zaune a lungu yana lashe kwanon jiya. Kunnuwansa sun miƙe.

"Apa, takalman sanyin Amanjol," in ji shi a hankali, yana ajiye cokali. "Masu gashin tunkiya a ciki. Tun bara nake kallonsu."

"Kai, ɗan nema! Kada ka kuskura!"

"Wanda ya riga kai albishir shi ke faɗin abin da yake so. Ni na kafa dokar?"

Ya zabura, ta riga shi ƙofa, ta fita ta danna sakata ta waje. Sai ta tuna da alawa. Ta buɗe, ta ture shi da kafaɗa, ta juye kwanon alawar baƙi a aljihun rigarta, ta haɗa da baursak biyu masu zafi, ta kifa hular kwano a kan ɗankwali, kafin ta waiwaya Kuandik ya dira ta taga. Haka suka keta filin, siririn direba a gaba, ƙatuwar mai girki a baya tana haki tana zaginsa da sunan kakanninsa, wani raƙumi da ke bakin shinge ya daina tuƙa ya bi su da kallo.

A gindin matakala suka yi cirko-cirko. Jan ƙyalle na ɗaure a jikin ƙarfen. Ana jan layi.

Wanda ya ciyar da masu haƙa shekara da shekaru ba ya bukatar a yi masa bayani. Ƙarfen da ke juya haƙorin haƙa yana da 'yar gwiwa, lanƙwasa kaɗan da ido ba ya kamawa sai an nuna maka. Inda gwiwar ta fuskanta, can rijiya za ta karkata a ƙarƙashin ƙasa. Na'urar da ke aiko da labari daga ƙasa kuwa a sama da shi ake ɗaura ta, da ƙarafa a tsakaninsu, kuma ba ta san inda gwiwar ta kalla ba sai an gaya mata. Don haka Amanjol yake ɗiga alli a kan gwiwar, a riƙa saukar da ƙarfen a hankali yana jan layi sama, gaɓa bayan gaɓa, har ya kai na'urar, ya auna tazarar da awo. Da zarar kayan sun shige rami ba mai sake ganinsu. Filin nan kuma cike yake da tsofaffin rijiyoyi kamar rariya, in layi ya kauce, haƙori na iya faɗa wa maƙwabciya.

Shi ya sa Baktigali, dattijon da ke riƙe da birkin injin, ya kafa doka tun ranar da wani ya tambayi mai jan layi sakamakon ƙwallo aka kwashe mako ana gyara. Muddin jan ƙyalle na ɗaure, bakin kowa a rufe. Mai alli kaɗai ke magana.

Zauresh ta damƙe ƙugun wandon Kuandik, suka hau a saɗaɗe har kawunansu suka leƙa dandamali. Ga Amanjol a durƙushe, ido ɗaya a runtse, alli a hannu. Ƙarfe na sauka sannu-sannu, farin layi na bin jikinsa. Ya ɗago don ya yi wa Baktigali alama, sai idonsa ya faɗa kan fuskar Zauresh.

Allin ya tsaya. Ta yi masa murmushi iya faɗin bakinta, amma ya riga ya kau da kai.

Ya ci gaba. Ita kuwa cikinta kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Tana ta rawa da ƙafa ɗaya. Kuandik ya kasa haƙuri, ya haɗa hannuwa yana jijjiga su kamar mai rarrashin jariri, ya nuna Amanjol da haɓa. Na kusa da su ya gane, ya zunguri na gaba. Kafin a sauke gaɓa ɗaya labari ya zagaye dandamali ba tare da an furta ko harafi ba. Wani ya ciji safar hannunsa. Wani ya rungume bututu yana girgiza. Har gashin bakin Baktigali rawa yake yi, ya juya fuska ga ma'aunin injin kamar bai taɓa ganinsa ba.

Layi ya kai na'ura. Zauresh ta cika ƙirji da iska.

"A ɗaga," in ji Amanjol. "Ban yarda da shi ba."

Ya sa tsumma ya goge. Aka ɗaga ƙarfen aka faro daga gwiwa. Zauresh ta ciji ɗankwalinta. Wannan wane irin mutum ne! Layin da ya fi zaren tela miƙewa? Ta ƙirga 'ya'yanta da jikokinta a zuci don kada ihu ya kufce mata, ta koma ta fara jero sunayen da za a iya sa wa jaririyar. Aka sake kaiwa na'ura.

"A ɗaga."

A nan ne ta daina murmushi. Ta dube shi da kyau. Wuyan rigarsa ya jiƙe sharaf, ga shi iska na kaɗawa. Ta dubi sauran, kowa ya juya masa baya don ɓoye dariya. Abin da yake gani ke nan: Zauresh a kan matakala, maza suna gudun haɗa ido da shi. Haka aka yi wancan karon, haka aka yi na kafinsa. Layin ba shi da laifin komai. Muddin bai gama ba, ba mai iya buɗe baki ya gaya masa, shi ya sa yake ta gogewa. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya ciko.

Magana dai an hana. Ta zura hannu a aljihu.

Jifan farko ya wuce gona da iri, alawa ta sauka ƙwal-ƙwal a kan hular Baktigali. Dattijon ya zaro mata ido. Ta nuna masa bakinta a rufe gam, ta ɗaga kafaɗa. Ta sake cika hannu ta watsa, irin watsin da ake yi wa amarya a bakin ƙofa da yaron da ya fara tafiya. Alawa ta tarwatse a kan ƙarfen dandamali, ja da kore da ruwan zinariya. Ɗaya ta gangara ta faɗa rijiya. Ɗaya ta tsaya daidai kan takalmin Amanjol.

Ya daɗe yana kallon alawar. Ba a watsa alawa a gidan makoki, ko yaron goye ya san wannan.

Bai waiwayo ba. Kafaɗunsa ne suka fara rawa. Ya kama wuyan hannun da ke riƙe da alli da ɗayan hannun, ya ja numfashi.

"Sauke, aga," ya ce wa Baktigali, da kiran da ake yi wa babban wa. "A hankali."

Ya ja layin nan da hannu biyu, hawaye na ɗiga daga haɓarsa, har ya kai na'ura. Ya naɗa awo a jikin ƙarfen, ya faɗi tazarar da ƙarfi. Baktigali ya danne birki, ya taho da kansa ya duba, don ba a yarda da idon mai kuka, ya maimaita adadin, ya gyaɗa kai. Sannan ya taka zuwa matakala da yanga kamar ango, ya kwance jan ƙyalle.

Kuandik ya wangale baki zai riga ta. Zauresh ta toshe masa shi da baursak.

"Suyinshi!" Muryar Zauresh ta danne ƙarar injin. "Suyinshi, Amanjol! Mace ce! Tana da rai, tana ihu, da kunnena na ji! Akmaral har romo ta nema!"

Dandamali ya kaure. Aka ɗaga Amanjol sama aka cilla, hularsa ta yi nata wuri. Maza masu gemu suna wawar alawa a ƙasa kamar 'yan makaranta. Baktigali na ihu a rufe bakin rami kafin a cika masa rijiya da kayan zaƙi, alhali shi ma kumatunsa a cike. Kuandik ya haɗiye da ƙyar yana rantsuwa cewa an zalunce shi, takalman nan rabonsa ne, zai kai ƙara.

Da suka sauke shi, Amanjol ya taho wurinta yana tangaɗi, fuskarsa duk alli da maiƙo.

"Apa, faɗi abin da kike so. Tunkiya? Raƙumi? Wallahi ko motata."

"Me zan yi da akwalar motarka?" in ji ta, tana share ido da bayan hannu. "In ka tura kayanka rami, ka zo ka sha shayi. A ɗakin girkina, daga hannuna."

Kunya ta rufe shi, don ya gane.

Da rana ta karkata, kayan sun shige, haƙori ya kama hanyar da aka nuna masa, Amanjol ya cire takalma a ƙofar ɗakin girki ya zauna. Zauresh ta ɗauko kofin tangaran, ta zuba madara, ta tsiyaya shayi ɗan kaɗan a gindinsa, irin zubin da ake yi wa baƙon da ba a son ya tashi da wuri. Kurɓa biyu ya shanye. Ya miƙo mata kofin da hannu biyu, yana kallon fuskarta.

"Ƙaro, apa."