Rabon Hankaki

Ina can ƙololuwar bishiyar kanyar Koriya mai manyan 'ya'ya, ƙafa ɗaya a reshe ɗaya tana lilo, na ji muryar Nhan daga ƙasa.

"Yaya Diep, sauko haka nan, ya isa!"

Ko kallonta ban yi ba. Wai ni za ta ce wa ya isa! Yarinyar da aure ya kawo daga ƙasarmu Biyetnam shekara biyu da suka wuce, ni na koya mata hawa motar gari da gaida surukai, yau ita ke ba da umarni a gidan Iya Malsun. Na miƙa hannu na tsinke guda bakwai ɗin da suka rage a can sama, jajaye kamar tumatir, na zuba a zanen da na ɗaura a ƙugu.

Shekarata tara a wannan ƙauye na Koriya, katanga ɗaya ce tsakanina da Iya. Ita ta yi mini miyar jego da na haifi Daun. Ranar da mahaifiyata ta rasu a gida, muna tsakiyar girbin shinkafa ban samu tafiya ba, a ɗakin Iya na zauna na kalli jana'izar ta waya, tana shafa mini baya. Amma duk tsawon shekarun nan "Maman Daun" take kirana, cikin ladabi, kamar baƙuwa. Ita kuwa Nhan, wata uku da zuwanta ta zama "'yata". 'Yata zo ki ɗanɗana, 'yata sa rigar sanyi. Ba zan ɓoye muku ba, duk sanda na ji kalmar nan ta katanga sai abinci ya fita raina.

Da kaka ta shigo bana ciwo ya kwantar da Iya. Asibiti suka ce a mai da ita gida, kowa ya gane. Nhan ta riga ni kama kunu da wanki, to ni me ya rage mini? Hawan bishiya. A garinmu tun ina 'yar shekara goma nake hawan kwakwa, Nhan kuwa ko kujera ta taka sai jiri ya ɗebe ta.

Na sauko na juye su a kwando, na shiga da shi har gaban shimfiɗar Iya na dire.

"Iya, ga su. Ko ɗaya ban bari ba, har na saman nan da kullum suke gagarar ku."

Ta ɗago kai da ƙyar ta duba ta ƙofar da aka zuge. Bishiyar tsaye fayau, ba ganye ba 'ya'ya. Ta daɗe tana kallo.

"Har rabon hankaki?" ta ce a hankali. Sai ta mai da kai matashi. "Sannu da aiki, Maman Daun. Kin sha wahala. 'Yata, rufe ƙofar."

A tsakar gida Nhan ta ja ni gefe, ta koma yarenmu.

"Yaya, ba gagarar su suke yi ba. Da gangan ake barin na sama saboda hankaki su samu na ci lokacin sanyi."

"To sai me? Tsuntsu ne zai yi mini fushi?"

"Ba ki gane ba. Nan cewa suke in hankaka ya yi kuka a gida da safe, baƙo na hanya. Kullum sai ta sa na buɗe mata ƙofa tana jira ya sauka, ko Gwangsu zai zo."

Gwangsu ɗanta ne tilo, yana Kanada, rabonsa da gida shekara shida.

"Ita ta gaya miki?"

"Tun bara."

Wannan "tun bara" ta fi komai ƙona mini rai. Shekara tara ina ganin kanya a saman bishiyoyin garin nan ina yi musu dariya a zuci, wai ragwaye ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini. Na ce, "Sannu 'yar gida. Sai ki je ki yi mata kukan hankakan da kanki." Na fice.

Kwana biyu ban leƙa ba. Ina fere tamu kanyar ina ratayewa a igiya, idona na kan ƙofar Iya, ina ƙirga shiga da fitar Nhan. Mijina ya dawo daga gona ya tarar na yanke yatsa.

"Ke da wa kuma?"

"Ni da wuƙa."

"Wuƙar nan mai suna Nhan?" Ya kwashe da dariya, Daun na taya shi ba tare da ta san dalili ba. Da ya ga ban yi ba, ya ce, "Tsohuwar nan fa ba ta da sauran kwanaki da yawa. In za ki je, ki je."

Rana ta uku da hantsi na ɗauki jan zaren ɗinki na zagaya gidan Iya. Kwandon na nan inda aka ajiye shi a baranda. Na zaɓi bakwai masu sauran kara, na ɗaura zane, na haye. Sanyi ya sa reshen santsi, yatsana kuma na zugi. Ina ɗaura ta huɗu Nhan ta fito da kwano a hannu, ta saki baki.

"Yaya, kanya kike ɗinke wa bishiya?"

"Rufe mini baki ki buɗe mata ƙofa."

Ta zuge ƙofar. Daga sama ina hango Iya a ƙasa cikin bargo, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na matsa kan siririn reshe don in ɗaura ta ƙarshe inda za ta fi gani, sai ya yi ƙara, ƙafata ta zame, na rungume gindin reshen da hannu biyu.

"Ke! Ja'ira mai kunnen ƙashi!" Muryar Iya ce, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. "Sauko don ubanki kafin ki karya wuya! Wa zai riƙe mini Daun? Shashasha kawai, kai kamar na jaki!"

Tari ya sarƙe ta, Nhan ta ruga ciki. Ni kuwa ina maƙale a sama ina kuka ina dariya. Rabon da a zage ni haka tun ina gaban mahaifiyata, ranar da ta kama ni a kan kwakwar maƙwabta. Ban sauko ba sai da na ɗaure ta bakwai.

Washegari da la'asar Iya ta cika. Ina gida ina dafa wa Daun abinci, hannun Nhan ne a cikin nata. Wannan ma na haɗiye shi, bai wuce ba har yau.

Nan sai an yi kwana uku ana zaman makoki kafin a binne. Gwangsu ya iso rana ta biyu, da jakarsa mai taya da idanu jajaye. Ya ce uwarsa kullum tana yi masa zancen wata 'yarta a waya. Aka ba Nhan baƙaƙen kaya da ɗan farin ƙyalle na maƙalawa a gashi, irin na iyalan mamaci, ta tsaya kusa da shi tana karɓar gaisuwa. Ni ina baya ina zuba wa baƙi miya.

Da muka dawo daga binnewa na tare ta a bakin katanga.

"Nhan, tsakaninki da Allah, Iya ta taɓa zaginki?"

Ta zaro ido. "Zagi? Haba Yaya, ko sau ɗaya."

"Ko ja'ira?"

"Ko ja'ira."

Na ce to, na shige gida. Ta bi ni da kallo, ban yi mata bayani ba, kuma ba zan yi ba. Wannan nawa ne.

Gwangsu ya kulle gidan ya koma bayan kwana biyar. Da safen da ya tafi ina shanya kayan makarantar Daun na ji kuka ta kan katanga. Hankaka ɗaya ne a saman bishiyar, yana caccakar kanya tana juyawa a jikin zarenta. Guda biyu sun riga sun ƙare, sai jan zaren kawai iska ke kaɗawa.